Aikin Ɗan Sanda da Canjin Wurin Aiki a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin asarar kuɗi da lokaci da mutane ke yi a ofishin 'yan sanda tana farawa ne daga rashin sanin wanda ke riƙe da wane iko. Mutum zai kwashe mako biyu yana zarya wurin mai bincike kan fayil ɗin da tuni ya bar hannunsa. Unguwa za ta yi gayya zuwa gidan gwamnati neman a ɗauke jami'in da gwamna ba shi da hurumin ɗaukewa. A ƙasa mun kawo abin da doka ta ce, da yadda aikin ke gudana a zahiri, da kuma inda su biyun ke raba hanya.

Ba gwamna ne shugaban 'yan sandan jiharsa ba?

A'a. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a duk ƙasar, kuma ta tarayya ce. Ana yawan kiran gwamna babban jami'in tsaro na jiha, amma wannan laƙabi bai ba shi ikon naɗa kwamishinan 'yan sanda ko cire shi ba. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishina umarni na halal kan zaman lafiya da tsaron jama'a, sai dai a wurin kuma an ba kwamishina damar cewa a fara miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko ministan da ya wakilta kafin ya aiwatar. Wannan 'yar ƙofa ita ce tushen duk ƙorafin da kuke ji daga bakin gwamnoni.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne motocin sintiri da ke ɗauke da sunan gwamnatin jiha. Gaskiya ne jihohi na sayen motoci, suna zuba mai, suna gyara ofisoshi, wasu ma suna biyan alawus. Wannan yana ba gwamna faɗa a ji ƙwarai, kuma kwamishinan da ke son aikinsa ya yi sauƙi ba ya neman rigima da shi. Amma albashi da ƙarin girma da horo duk daga Abuja suke. Inda gwamnoni ke da kujera a hukumance shi ne Majalisar 'Yan Sanda ta Ƙasa, wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, kuma ita ce ke ba da shawara wajen naɗa Sufeto Janar.

Batun 'yan sandan jihohi da ake ta muhawara a kai yana buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, kuma irin wannan gyara ba ya tabbata sai majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36 sun amince.

To, waye ke tura jami'i wurin aiki?

Ya danganta da muƙaminsa. Rundunar hawa-hawa ce: hedikwata a Abuja, a ginin Louis Edet, sai shiyyoyi 17 da mataimakan Sufeto Janar masu muƙamin AIG ke riƙewa (Kano ce shiyya ta 1, Sakkwato ta 10, Bauchi ta 12), sai rundunar jiha a ƙarƙashin kwamishina, sai kwamandan yanki, sai DPO mai kula da babban ofishi, sai ƙananan ofisoshi na unguwanni da ƙauyuka.

Kwamishinan jiha, Sufeto Janar ne ke gabatar da sunansa, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wato PSC, ta amince. Canjin manyan jami'ai daga jiha zuwa jiha yana fitowa ne daga hedikwata, ta ofishin sakataren rundunar. Idan jami'i ya iso jiha, kwamishina ne ke cewa ga inda zai zauna, kuma shi ke naɗa DPO da sauya shi. A cikin ofishi kuwa DPO ne ke raba aiki: wane kanta, wane sintiri, wane sashen bincike, wane kula da hanya.

Umarnin canji yana zuwa ne a rubuce, abin da 'yan sanda ke cewa sigina ta fito. A ciki akwai lambar aikin jami'i, muƙaminsa, sunansa, inda zai bari da inda zai koma. Daga nan sai tsohon wurin ya sallame shi a rubuce. Bindiga ba tasa ba ce, ta ofis ce, don haka sai ya mayar da ita ma'ajiyar makamai an ƙirga harsashi. Idan shugaban ofis ne sai ya rubuta takardar miƙa aiki: fayiloli nawa ke buɗe, mutum nawa ke tsare, kayan shaida, makamai, motoci. Sannan ya je ya gabatar da kansa a sabon wuri a yi masa rajista.

Me ya sa ake kawo mana wanda ko Hausa ba ya ji?

Wannan yana da tarihi. A da can Arewa tana da 'yan sandanta na gida, 'yan doka na En'e, waɗanda suka gaji dogarai, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da rundunar ƙasa da aka haɗe wuri ɗaya a 1930. 'Yan doka sun san kowa, sun san kowane lungu. Sai dai a siyasar jamhuriya ta farko an yi kuka da su sosai kan yadda aka riƙa amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa, kuma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Tunanin da ya biyo baya shi ne baƙo ba shi da ɗan'uwa a gari, ba shi da suruki, ba shi da abokin gaba na gado, don haka zai fi yin adalci.

Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da tsada. Jami'in da ba ya jin yaren wuri ba ya samun labari. Mai ƙorafi zai yi bayani, tafinta ya gutsure rabi, a rubuta abin da bai faɗa ba. A ƙauyen da ɓarayin daji ke kai hari, wanda bai san hanyar rafi da ta burtali ba ya zama makaho ko da bindiga a hannunsa. Shi ya sa a ɗaukar kurata na 'yan shekarun nan ake raba guraben bisa ƙananan hukumomi, kuma rundunar ta bayyana manufar mayar da sababbin kurata yankunansu bayan horo. A ganinmu wannan rabon ya yi daidai: ƙananan jami'ai su zama 'yan gida, shugabanni kuma a riƙa juya su. Kurtu ɗan gari yana kawo labari, DPO baƙo yana iya cewa a'a ga mai kuɗin garin.

Mun kai ƙorafi an ɗauke DPO. Ba an hukunta shi ke nan ba?

Ba a hukunta shi ba. Canjin wurin aiki ba ya cikin jerin hukunce-hukuncen rundunar. Muƙaminsa na nan, albashinsa na nan, kuma yana iya zama DPO a wata ƙaramar hukuma mako mai zuwa. Wani lokaci ana ɗauke jami'i ne don kada ya taɓa shaidu yayin da ake bincike, wannan daidai ne. Wani lokaci kuwa ana ɗauke shi ne kawai don ƙura ta lafa, kuma a nan ake cutar jama'a, domin an kwashe matsalar an kai wa wani gari.

Hukunci na gaske yana da hanyarsa. Daga kurtu zuwa sufeto, shari'ar cikin gida ake yi musu, wadda suke kira odali rum: a karanta tuhuma, a kira shaidu, a yanke. Ana iya jan kunne a rubuce, a rage igiya, ko a kore shi. Manyan jami'ai, daga mai anini ɗaya zuwa sama, takardar tuhuma ake ba su, su amsa, kwamitin ladabtarwa na rundunar ya zauna, sannan PSC ta yanke hukuncin ƙarshe. Idan laifin ya kai na kotu, kamar kisa ko ƙwace, bayan kora sai a gurfanar da shi kamar kowa.

Saboda haka idan an ce muku an ɗauke shi, ku tambaya: an buɗe masa fayil ɗin ladabtarwa? Yaushe za a kira mu mu ba da shaida? Yawancin irin waɗannan shari'u suna mutuwa ne saboda mai ƙorafi ya ji an yi canji ya koma gida, ranar zama ba mai shaida.

Haka kuma ba duk canji ne ke da alaƙa da laifi ba. Ƙarin girma na jawo canji, ritayar wani na buɗe gurbi, kuma gab da zaɓe akan juya kwamishinoni da manyan jami'ai da gangan.

Ɗan sanda zai iya ƙin zuwa inda aka tura shi?

Ba zai iya ba. Ƙin zuwa rashin biyayya ne, daɗewa ba a gan shi ba kuma ya zama gudun aiki, wanda ke kai ga kora. Abin da zai iya shi ne ya je ya kama aiki, sannan ya rubuta roƙo ta hannun shugabansa, ya haɗa da hujja: takardar asibiti, ko batun aure idan mata da miji na aiki a jihohi daban-daban. Ana amincewa, ana kuma ƙi.

Jama'a ba su cika ganin wahalar da ke cikin canji ba. A ƙa'idar aikin gwamnati akwai kuɗin hanya da alawus na kwana 28 na farko a madadin masauki, amma sau da yawa ba sa zuwa a kan lokaci. Gidajen bariki ba su isa ba. Za ka ga kofur da igiya biyu a hannun riga yana kwana a kan benci bayan ofis, jakarsa ce matashin kai, iyalinsa na can wata jiha saboda yara na tsakiyar zangon karatu. Wannan ba uzuri ba ne ga karɓar na goro, amma wanda ke son ya gyara aikin dole ya san daga ina ɓarakar take.

Gaskiya ne akwai wurare masu maiƙo da ake kamun ƙafa a samu?

Gaskiya ne ana kamun ƙafa, kuma ba a ɓoye yake ba. Ofisoshin da ke kusa da manyan kasuwanni, tashoshin mota, iyakoki da manyan hanyoyi ana rububinsu, na ƙauyukan da ke fama da hari kuwa ana gudunsu. Ɗan siyasa ko basarake ba shi da ikon sa hannu a takardar canji, amma yana iya ɗaga waya. Illar ita ce jami'in da ya samu kujera ta hanyar wani ya san wanda zai yi wa biyayya, kuma wanda ya kashe kuɗi ya samu wuri zai nemi mayar da kuɗinsa daga aljihun talaka.

IPO, wato ɗan sanda mai binciken da ke riƙe da shari'ata, an yi masa canji. Shi ke nan ta mutu?

Ba ta mutu ba. Fayil na ofis ne, ba na mutum ba. Ka nemi DCO, wato shugaban sashen binciken laifuka na ofishin, shi zai faɗa maka wanda aka miƙa wa. Tun ranar farko ya kamata ka rubuta ranar da ka kai rahoto, lambar shigarwa a littafin ofis, da sunan wanda ya karɓa. Idan ka ba da wani abu a matsayin shaida, kamar waya ko takardar fili, ka ba da kwafi idan zai yiwu, in kuwa dole sai na asali, ka tabbata an rubuta shi a rajistar kayan shaida.

Inda aka fi samun tsaiko shi ne a kotu. Mai binciken farko shi ne zai ba da shaida kan abin da ya gani, kuma idan yana wata jiha sai an aika masa ta hannun shugabanninsa. Ɗage zama uku ko huɗu saboda rashin zuwansa na iya sa alƙali ya sallami wanda ake tuhuma. Ka riƙa tuntuɓar mai gabatar da ƙara kafin ranar zama, ba a ranar ba.

Me ya sa ƙauyenmu ba ɗan sanda, alhali mutum ɗaya na yawo da guda shida?

Adadin da aka fi ambata na rundunar bai kai 400,000 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A cikinsu akwai masu aikin ofis, masu gadin bankuna da gine-ginen gwamnati, da masu rakiyar manyan mutane. Sufeto Janar da dama sun sha ba da umarnin janye 'yan rakiya, abin ya lafa ya dawo. A watan Nuwamban 2025 shugaba Bola Tinubu ya sake ba da irin wannan umarni, ya ce masu neman rakiya su koma ga jami'an Sibil Difens.

'Yan kwantar da tarzoma, waɗanda aka fi sani da mobal, su kuma ba a ƙarƙashin DPO suke ba. Runduna-runduna suke, kowace da kwamandanta, kuma ana iya kwashe su daga wata jiha a kai wata don aiki na musamman na 'yan watanni. Idan kun ga sun tattara sun tafi, yawanci wa'adinsu ne ya cika, ba DPO ne ya kore su ba.

Sai da kuɗi ake samun aikin ɗan sanda?

Neman aikin kyauta ne, kuma duk wanda ya ce a tura masa kuɗi ya sama wa ɗanka gurbi, ka ɗauke shi ɗan damfara. Sharuɗɗan ɗaukar kurtu da aka saba sanarwa su ne shekara 18 zuwa 25, sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tsayin mita 1.67 ga namiji da 1.64 ga mace, lambar NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ana cike fom a intanet, a je tantancewa a hedikwatar jiha, a zauna jarrabawar kwamfuta, a yi gwajin lafiya, sannan horo na kimanin wata shida a kwalejoji irin na Kaduna, Maiduguri, Ikeja da Oji River. An daɗe ana jayayya tsakanin rundunar da PSC kan wanda ke da ikon ɗauka, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa PSC a 2023.

Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne saɓanin takardu: suna a NIN daban, a sakamakon jarrabawa daban, ranar haihuwa iri biyu. A gyara wannan kafin a buɗe shafin. Mai son shiga a matsayin babban jami'i kuwa, hanyarsa ita ce makarantar Wudil a jihar Kano: ta JAMB ake shiga, shekara biyar ake yi, a fito da digiri da muƙamin ASP, wato mai anini ɗaya.

Beli kyauta ne da gaske, ko rubutu ne kawai a bango?

Kyauta ne a doka. Abin da ake buƙata shi ne mai tsayawa: mutum mai adireshi sananne, da katin shaida, da hoto, wanda zai sa hannu cewa zai kawo wanda ake zargi duk ranar da aka neme shi. Kuɗin da ake rubutawa a takardar beli ba a biyan sa a ranar. Alkawari ne, sai idan mutumin ya gudu ne kotu za ta nemi mai tsayawa ya biya. Da wannan adadi ake ruɗar mutane da yawa.

Mace na iya tsayawa beli. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa don kawai mace ce, kuma jihohi irin su Kaduna a 2017 da Kano a 2019 sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari.

Idan aka nemi kuɗi a kanta, kada a tsaya musu da kurtu. A ce, "Yallaɓai, don Allah muna son ganin DPO." Sau da yawa maganar kan canza daga nan. Sai dai a sani, laifukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, ba a belinsu a ofishin 'yan sanda, sai babbar kotu.

Kwana nawa za a iya tsare mutum?

Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wannan iyaka ba ta hau kan laifukan da hukuncinsu kisa ne kai tsaye ba. Idan bincike na buƙatar ƙarin lokaci, hanyar ita ce a nemi umarnin tsarewa daga majistare, wanda a dokar tarayya ba ya wuce kwana 14 a karon farko. Kamun yammacin Juma'a shi ne ya fi cutarwa, domin kotu ba ta zama sai Litinin, don haka a nemi beli a ranar, kada a ce sai gobe.

Wajen rubuta jawabi, mutum na da damar ya ce sai lauyansa ko wani da ya amince da shi ya zo. Wanda ba ya jin Turanci dole a sama masa tafinta, a karanta masa abin da aka rubuta cikin harshensa kafin ya sa hannu ko ya dangwala, tafintan ma ya rubuta sunansa ya sa hannu. Duka ko rataya don a amsa laifi laifi ne a dokar hana azabtarwa ta 2017, hukuncinsa na iya kai wa shekara 25.

An zo neman ƙanena ba a same shi ba, aka tafi da mahaifinmu. Ya halatta?

Bai halatta ba. Dokar 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wani. Sai dai idan akwai hujjar cewa shi kansa ya ɓoye mai laifi ko ya karɓi kayan sata, wannan kuma tuhuma ce tasa daban da dole a faɗa masa.

Wanda nake bi bashi fa, ba zan iya sa a rufe shi ba?

Doka ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wurin wannan kotu ce. Bambancin da ake dubawa shi ne niyya: wanda ya karɓi kaya bashi kasuwa ta karye masa, bashi ne. Wanda ya sayar maka da filin da ya san ba nasa ba ne, damfara ce. Wanda ka ba ajiya ya cinye, cin amana ne. Biyun ƙarshe aikin 'yan sanda ne. Masu kai bashi caji ofis su sani cewa wanda aka tsare na iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi, kuma kotuna sun sha ɗora diyya a kan jami'an da kuma wanda ya kai ƙarar tare.

Mun sasanta a gida. Zan iya janye ƙara?

A ƙananan laifuka, kamar faɗa da bai kai ga mummunan rauni ba, ana yarda da sulhu, a rubuta takardar janyewa. A manyan laifuka, kisa, fyaɗe, fashi, garkuwa da mutane, shari'ar ba taka ba ce, ta gwamnati ce, kai shaida ne kawai. Irin waɗannan DPO ma ba ya riƙe su. Yana tura su sashen CID na jiha, daga can fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawarar lauyoyin gwamnati. Babban lauyan jiha ne ke da ikon dakatar da tuhuma. Don haka idan wani ya karɓi kuɗi ya ce zai kashe maganar fyaɗe a ofis, abin da ba nasa ba ya sayar, kuma yarinyar da aka zalunta ce ke biyan farashin.

Dole sai da takardar 'yan sanda asibiti zai duba wanda aka harba?

Ba dole ba ne. Dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya fara magani nan take, ba tare da jiran takarda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Dokar ta kuma ce kada a wulaƙanta wanda ya taimaka ya kawo shi. A wuce asibiti kai tsaye, wani daga cikin dangi ya je ofis.

Haka batun ɓatan yaro. Babu ƙa'idar jiran awa 24. A kai rahoto da an lura, da hotonsa na kwanan nan, bayanin kayan da ke jikinsa da wurin da aka gan shi na ƙarshe.

Me ya sa ake cewa in kawo kuɗin mai ko na takarda?

Babu dokar da ta ɗora wa mai ƙorafi wannan. Dalilin da ya sa ya zama ruwan dare shi ne kuɗin gudanarwa da ke isa ofisoshin ƙasa ba ya kai ko'ina, kuma asusun tallafa wa 'yan sanda da aka kafa a 2019 bai kawar da matsalar ba. Sakamakon shi ne bincike na bin mai kuɗi, shari'ar talaka ta kwanta. Kai rahoto kyauta ne, kuma ƙin karɓar rahoto don ba a ba da kuɗi ba abin kai ƙara ne.

A shingen bincike, yana da ikon buɗe wayata?

Yana da ikon tsayar da kai, ya nemi takardun mota, ya duba but idan yana da dalilin zargi. Mace, mace ce ke laluben jikinta. Bincike a cikin waya haka kawai a bakin hanya kuwa, hedikwatar rundunar ta haramta shi, musamman tun watan Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar da ta kai ga rushe SARS, sashen yaƙi da fashi da makami. Da dare ka rage gudu, ka kunna fitilar cikin mota, hannuwanka su kasance inda ake gani. Kada ka yi kokawa da mai bindiga kan haƙƙinka. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, lambar motarsu, wuri da lokaci.

Kuma ba duk mai kaki ne ɗan sanda ba. Jami'an kiyaye haɗurra, KAROTA a Kano, Hisba, 'yan banga da rundunonin tsaron al'umma na Katsina da Zamfara kowanne da dokarsa da shugabanninsa. Ƙorafi a kansu wurin hukumarsu ake kai shi, in kuma laifi ne kamar duka ko ƙwace, a kai wa 'yan sanda.

Ina zan kai ƙarar ɗan sanda, kuma yaya zan rubuta?

A fara da DPO idan ƙaramin jami'i ne. Idan DPO ɗin ne matsalar, sai kwamandan yanki ko kwamishina, bayansa AIG na shiyya. Akwai sashen karɓar ƙorafi na CRU da aka kafa a 2015, wanda ke karɓa ta waya da kafofin sada zumunta, ya ba ka lambar bibiya. A wajen rundunar akwai PSC da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofis a jihohi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Doka ta kuma ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa duk wata, yana iya duba littafin tsarewa ya ba da beli a nan take, don haka sanar da kotun majistare mafi kusa na da amfani.

Takardar ta zama gajera, shafi ɗaya ya isa: rana, lokaci, wuri, suna da muƙamin jami'in ko kamanninsa, abin da ya faru bi da bi, sunayen shaidu da lambobin wayarsu, da abin da kake nema a yi. A haɗa da takardar asibiti idan an ji rauni, da shaidar tura kuɗi idan ta banki ko POS aka karɓa, domin ita ce hujjar da ta fi wuyar musantawa. A bar zagi da ƙarin gishiri, ƙarya ɗaya a ciki tana rushe sauran. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ka riƙe. Idan mako biyu suka wuce ba a kira ka ba, ka haɗa kwafin mai hatimi da sabuwar takarda zuwa ofishin da ke sama da wanda ka fara kai wa.